Neman Zaren Taru a Ƙasar Sin

Ba zan ɓata takarda da labarin filin jirgi da ƴan rakiya ba, domin wanda bai taɓa barin Yamai ba shi ne yake ɗaukar hawa jirgi abin labari. Zan fara daga ranar da muka sauka a wani babban birni na kudancin ƙasar Sin, ni da ɗan ƙanwata Laminu, muka tarar da iska mai zafi da danshi kamar an buɗe madambaci a fuskar mutum. Shekaruna sun haura saba'in, ƙafata ta dama ta kumbura saboda zaman kujera, kuma wanda ya zo tarbarmu bai ko zare igiyar da ya toshe kunnuwansa da ita ba, ya miƙo mini hannu ɗaya.

Wannan shi ne Ila, tafinta, ɗan ƙasarmu da ya daɗe a can yana cin abinci da harshensa.

"Tsoho, ka sha hanya," in ji shi.

Na bar hannun nasa a iska. A lekol ɗin da na yi karatun boko, yaron da ya gai da babba haka sai ya wuni a durƙushe bisa tsakuwa. Laminu ya yi ƴar dariya ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, haka suke a nan."

Na ce, "A nan ɗin ma ai uwa ce ta haife shi."

Wajibi ne in faɗi abin da ya fitar da ni daga gidana na unguwar Banifandu a wannan shekaru. Ina saurayi gwamnati ta aika ni Faransa na koyi aikin zaren roba, na dawo na yi aiki a masaƙa har ranar da waɗanda ba su taɓa riƙe zare ba suka rufe ta, na yi ritret, na ajiye aiki. Shi Laminu ɗan kasuwa ne, yana da kanti a unguwar Dar es Salam ta Yamai inda yake sayar da kayan kamun kifi. Shekarar da ta gabata ya shigo da zaren nailan, masuntan Tondibiya, can bakin kogi kusa da Yamai, suka saya suka saƙa taru. Ba a daɗe ba idanun ragar suka buɗe, har ƙarfasa tana shiga tana fita kamar gidan ubanta. Shekarar mutanen nan ta tafi a haka.

Shugabansu, Baba Sumana, wanda nake sayen kifi a hannunsa tun kansa yana baƙi, ya zo har gida ya shimfiɗa guntun ragar a kan tabarmata.

Ya gaishe ni da harshensu, ya kira ni Mushe kamar yadda ake kiran ɗan boko: "Fofo, Mushe. Ban zo ƙara ba. Yaron naka ya ce zai koma ya kawo wani zare. Mu dai ba mu ƙara yarda da bakinsa. In kai ka ce mu saya, mu saya. In ba ka ce ba, mu ci bashi mu nemi na wani wuri."

Na ce masa, "Ni da kaina zan je in zaɓo. Duk zaren da na ce ku saƙa, ku saƙa, zai riƙe."

Magana zarar bunu ce. Da ita na hau jirgi, kuma wajibi zaren ya iso kafin ruwan kogi ya fara janyewa, lokacin da masunci yake samun abincin shekara.

Ila ya sauke mu a wani otel a unguwar fataken Afirka. Ɗakin ba taga, gadon ya gaza tsawona, ƙafafuna suna reto a waje. Ban san gabas ba sai da wayar Laminu ta nuna, abin da ya ƙona mini rai, ni da na yi shekaru ina sanin alƙibla da inuwar katanga. In na fita cikin babbar rigata, sai mutane su ɗaga waya suna ɗaukar hotona ba sallama ba izini. Na yi kwanaki ban ji an ce mini ina kwana ba. Mutumin da ya saba a tsayar da shi sau goma tsakanin ƙofarsa da masallaci shi ya san nauyin wannan.

Zango na fari kasuwar zare ce, gini mai hawa-hawa, kowane hawa ya fi Babbar Kasuwar Yamai cika. Laminu ya riƙa bin kantuna yana shafa zare da tafin hannu, yana ɗaga shi sama yana cewa, "Kawu, dubi ƙyalli!" Wannan ne dukan iliminsa a sana'ar da yake ci da ita. Da muka koma masauki na zaunar da shi, na ce ko ba ya so sai ya ji yadda ake yin abin da yake sayarwa.

Na ce masa ana narkar da roba, a matso ta ta ƙananan huji kamar yadda ake matso taliya, ta huce ta zama zare. A cikin wannan zare akwai dogayen sarƙoƙi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma a wannan mataki a cukurkuɗe suke kamar ramar da aka jiƙa aka watsar. Zare a haka ba shi da ƙarfi. Sai a ɗumama shi, a bi da shi kan gangunan ƙarfe biyu masu juyawa, ta biyun ta fi ta farin sauri. Tsakaninsu zaren yake yin wuya a wuri ɗaya ya sirance, sarƙoƙin su miƙe su bi tsawonsa. A wasu wurare sukan jeru su matse da juna kamar ɗaurin kara, nan ƙarfi yake. A tsakanin waɗannan wurare akan bar wasu da sauran lanƙwasa, nan sassauci yake. Zaren kirki yana bukatar duka biyun. Wanda ya kai Tondibiya bara ba a ja shi sosai ba, sarƙoƙinsa ba su gama miƙewa ba, saboda haka ruwan kogi da nauyin kifi suka ƙarasa jan da masana'anta ta yi ha'inci a kai, ya miƙe bai dawo ba.

Laminu yana ta latsa waya. Ya ɗago ya ce, "To ashe da sauƙi, Kawu. Mu nemi wanda aka ja sosai."

Mai ɗaukar rabin karatu ya fi jahili wuyar sha'ani.

A kwanakin nan cikina ya ɓaci. Abincinsu duk na ƙi shi, don ban san abin da aka yanka ba balle wanda ya yanka. Shayi da biskit nake sha har jiri ya fara ɗibana. Wata safiya na zauna a bakin wani ɗan shago don ƙafata ta ƙi tafiya. Mai shagon, dattijo mai farar hula da ɗan gemu, ya fito ya dube ni ya yi mini sallama irin ta Musulmi. Ita ce kalmar fari da na fahimta daga bakin ɗan ƙasar. Ya shigar da ni, ya kawo romon naman sa da taliyar da ya ja da hannunsa a gabana, ya kawo ruwan ɗumi a roba ya nuna ƙafata. Da na ciro kuɗi ya mai da hannuna cikin aljihuna. Ban san sunansa ba har yau, amma yana cikin addu'ata.

Zango na biyu jirgin ƙasa ya kai mu, zuwa wata babbar masana'anta da Ila yake ta yabo tun ranar da muka sauka. Daga baya na gane dalilin yabon: duk baƙon da ya kai musu yana da la'adarsa. Aka shigar da mu wani biro, ofis mai sanyi, aka kawo shayi a ƙananan kofuna da ba su isa kurkure baki ba. Wani saurayi mai ɗaurin wuya irin na Turawa ya ɗaura zarensu a na'ura, na'urar ta ja shi a miƙe, a bushe, allura tana hawa, ya daɗe kafin ya tsinke. Ila ya tafa. Laminu ya tafa. Saurayin ya ba su wani guntu, su biyu suka kama bakin nan da bakin can suna ja kamar yara a filin lekol, bai tsinke ba.

"Kawu, ka gani? Ga wanda aka ja sosai ɗin!"

Na karɓi zaren. Yana ƙyalli, ga tauri kamar waya. Na ɗaga shi wajen haske, na ga ɗigon fari-fari a cikinsa. Na ce Ila ya gaya musu ina son ganin gangunan. Ya yi magana da su a taƙaice, ya juyo ya ce an hana baƙi shiga. Fuskar saurayin ba ta nuna an tambaye shi komai ba, amma ba ni da harshen da zan kama ƙaryar.

Lokacin azahar ya yi. Butata tana tare da ni, domin ban taɓa yarda in yi tafiya ba ita ba. Na yi alwala a farfajiya, na jefa guntun zaren cikin sauran ruwan butar, na yi sallata a natse, na yi lazimi, suna jirana suna duban agogo. Da na dawo na ciro zaren, na yi masa ƙullin da masunta suke yi a kowane idon raga, na naɗe bakinsa biyu a alƙalamina da makullin ɗaki, na ja. Ni da hannuna yake rawa in na ɗauki kofi, ja ɗaya na yi ya tsinke a kan ƙullin, bakin ya tarwatse kamar tsintsiya.

Na ce wa Laminu, a gabansu, "Sun ƙara wa ganga ta biyu gudu don su sami tsawo mai yawa daga roba kaɗan, kuma allurarsu ta hau. Sarƙoƙin duk sun miƙe, ba wanda ya rage da lanƙwasa, har ƙananan ramuka sun buɗe a tsakaninsu, su ne farin da ka gani. In ka ja shi a miƙe, sadauki ne. In ka lanƙwasa shi, sai ya tsage a tsawonsa kamar busasshen kara. Taru kuwa ƙulli ne daga farko har ƙarshe, kuma a ruwa yake kwana, inda nailan yake shan ruwa ya rage ƙarfi. Ka taɓa ganin kifin da aka kama da miƙaƙƙen zare a cikin biro?"

Ila ya ce, "Tsoho, kada ka kunyata mu gaban mutane. Wannan fa su Lagos da Abijan duk shi suke ɗauka."

"To su je su kama kifinsu da shi. Kai kuma fassara aka ɗauke ka yi, ba a ɗauke ka shawara ba."

Muka fito ba ciniki. A jirgin ƙasa ba wanda ya yi mini magana, ni ma ban nema ba. Ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, na zauna da safa ina kallon gonakin shinkafa suna wucewa, sai na tuna na gefen kogi a hanyar Tondibiya, da yadda maraice yake sauka a kan ruwa. Ban faɗa wa kowa ba.

Washegari na ce a kai ni bakin teku inda masuntan ƙasar suke gyaran raga. Ila ya ce wannan ɓata lokaci ne, yana da wasu baƙi, ya tafi abinsa. Wurin da ba la'ada ba ya ganin hanyarsa. Muka hau kar, babbar motar fasinja, ni da Laminu, tafiyar wuni, wayarsa tana yi mana tafinta irin nata, rabi daidai rabi hauka. A wani ƙaramin gari mai warin kifi muka tarar da mata zaune a ƙarƙashin rumfa suna ɗinke raga. Zarensu ba ƙyalli, launinsa kamar ruwan kanwa. Na roƙi guntu, na ƙulla, na tsoma a bokitinsu, na ja har makullin ya shiga namana. Ya ɗan ba da kai, ya dawo, bai tsinke ba. Matan suka yi ta dariya, ɗayarsu ta nuna mana hanyar zuwa inda ake yin sa.

Ƙaramar masana'anta ce, rufin kwano. Mai ita mace ce injiniya, ta manyanta, hannunta duk tabon ƙuna. Ba biro ba shayi. Na zana ganguna biyu a ƙasa da sandata, na nuna ta biyun, sai ta kama hannun rigata ta ja ni ciki. Rabona da tsayawa gaban irin waɗannan injuna tun ranar da aka rufe masaƙarmu. Ta nuna mini inda zaren yake yin wuya, ta nuna yadda take ja a mataki biyu, da sauƙi sannan da ƙarfi, ba ta kai shi iyaka. A ƙarshe akwai ganga ta uku da ta fi ta biyu jinkiri kaɗan, zaren yana bi ta cikin zafi a sake, don wuraren da suka matse su zauna daram, sauran su huta, kada ya tsuke ko ya miƙe bayan an saƙa. Na ɗaga mata babban yatsa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba, don a ganina ɗabi'ar ƴan tasha ce. Wuni guda muka yi ni da ita ba kalma ɗaya ta haɗa mu, kuma ban yi hira mai ma'ana irin wannan ba a dukan tafiyar.

Nata ya fi tsada. Laminu ya ɓata rai.

"Kawu, wa zai sayi wannan? Kamar tsohon kaya. Mutanenmu ƙyalli suke so."

"Mutanenka kifi suke so. Wannan za ka ɗauka, duka."

"To, Kawu. Yadda ka ce."

Saurin amincewar nan ya kamata ya tsayar da ni, amma zazzaɓi ya riga ya kama ni. Kwanakin da suka rage a ɗakin nan marar taga na yi su, shi kuwa yana fita wai yana shirya lodin kaya, ina jin muryar Ila a wayarsa. Muka dawo Yamai na rame, ƙanwata Hajiya Rabi, uwar Laminu, ta riƙa aiko mini da fura da farfesu har na miƙe.

Kaya suka yi watanni a teku da hanya da hannun duwan, masu karɓar harajin kaya. Suka iso ruwan kogi ya fara janyewa. Laminu bai gaya mini ba. Baba Sumana ne ya aiko a ce mini zare ya zo Tondibiya, Laminu yana cewa kawunsa injiniya ya duba kowace dila, suna godiya. Kalmar kowace dila ita ta tashe ni. Na sa riga na ɗauki taksi.

Na tarar da kamiyo, babbar motar kaya, a bakin kogi, masunta sun kewaye shi, an fara saukewa. Dilolin duk shigarsu ɗaya, buhu ɗaya, tambari ɗaya. Da Laminu ya hango ni sai ya taho da sauri ya durƙusa, gaisuwar da rabonsa da yi mini irinta tun yana yaro.

"Kawu, ai da ka huta, rana ta yi zafi."

Na ce a buɗe dila ta fari. Zaren matar nan injiniya ne. Ta biyu, nata ne. Ta uku aka farka, ƙyalli ya bugi idona.

Ya matso kusa da kunnena. "Kawu, don Allah. Rabin kayan ne kawai. Ila ya ce in ban gauraya ba ba zan fita da riba ba. Ka rufa mini asiri, in ka yi magana a nan na mutu a kasuwa."

Na dube shi. Ɗan ƙanwata ne, a hannuna aka yi masa huɗuba. Na dubi mutanen, wasu sun riga sun zauna da allurar saƙa a hannu, kuma abin da ya zaunar da su sunana ne.

Na ɗaga murya na ce, "Baba Sumana, a kawo mini ƙwarya da ruwan kogi. Kowace dila a yanko guntu, a ƙulla, a jiƙa, a ja. Wadda ta riƙe, ni na ce ku saya. Wadda ta tsinke, ban san ta ba, ban zaɓe ta ba, kada wanda ya ambaci sunana a kanta."

Har la'asar ana yi. Aka ware dilolin gida biyu a kan yashi. Wani matashin masunci ya ɗaga mai ƙyallin ya ce, "Alhaji Laminu, wannan ka kai wa masu kitso, ya yi kyau a kai!" Aka fashe da dariya. Laminu ya sa aka mai da rabinsa cikin kamiyo, ya shiga gaba ya zauna, bai yi mini sallama ba. Zaren kirkin bai ishi kowa ba, suka raba shi a tsakaninsu, taru ya fi na kullum gajarta a shekarar, amma ya riƙe.

Bayan kwana biyu Hajiya Rabi ta zo Banifandu. Ba ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata ba.

"Yaya, a bainar jama'a? Ba ka iya kiransa gida ka yi masa faɗa? Yanzu ko ƙugiya ba mai saye a kantinsa. Ɗana ne fa, ɗanka ne."

"Na sani, Rabi. Da na kira shi gida, kafin in gama faɗan an saƙa rabin zaren."

"Masunta sun fi maka jininka ke nan."

"Masunta ba su tambaye ni jinina ba. Sun tambaye ni ko zare zai riƙe, na ce zai riƙe."

Ta gyara mayafinta ta ce, "To Allah ya bar ka da zarenka." Ta fita.

Sallah biyu ke nan Laminu bai tako gidana ba, uwarsa kuma sai dai mu haɗu a wurin rasuwa, ta gaishe ni kamar yadda ake gai da maƙwabci. Jiya matata ta ce in aika masa, in ce a manta, tunda ni ne babba. Na ce mata ƙofata a buɗe take, ya san hanya, kuma in ya zo ba zan tayar da maganar ba. Amma ba zan aika ba.